Ƙaramar Tukunyar Inna Mai Ludayi

Kafin injin farko ya yi tari a masaƙa, kafin maigadi ya naɗe bargonsa ya buɗe babbar ƙofa, akwai fitila ɗaya da ke riga sauran kamawa, can baya kusa da tankin ruwa. Ta ɗakin girki ce, kuma duk wanda ya taɓa cin abincin rana a masaƙar nan ya san wadda ke kunna ta. Inna Mai Ludayi, shugabar masu girki, da ƙafa take isowa, jaka a hammata, makullai a hannu. Ta ajiye takalman titi ta sa na roba, ta ɗaura ƙyallen girki a ƙugu, ta wanke hannu har gwiwa. Sannan ta bi tukwanen gas ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa tana saurare, don ta san wadda za ta ba ta kunya da tsakar girki. Sai ta gama wannan take amsa gaisuwar mutane da kyau.

Tukwanen girkinta huɗu ne, kowace sai mutum biyu ke sauke ta daga wuta. Baki ɗari uku da 'yan kai take ciyarwa kullum, kuma shekara talatin da uku ke nan tana yi. An taɓa saya mata sikeli, yana nan kan kanta an ɗora masa kwandon albasa. Shinkafa da bokiti take auna ta, mai da kwano, gishiri da tafin hannu. In sabuwar ma'aikaciya ta tambaye ta yadda take gane daidai, sai ta ce, "'Yata, ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ke dai yanka albasa."

Amma aikin da ta fi ba wa girma ba a gaban wuta yake ba. Da an gama rabo, sai ta koma ƙaramar tagar da ake mayar da faranti, ta harɗe hannu a ƙirji tana duba abin da kowa ya rage. Mutum zai iya ce mata abinci ya yi daɗi don kunya, ko don kada gobe a rage masa nama. Ita ba ta sauraron wannan. "Baki ya iya ƙarya," haka take cewa, "faranti bai iya ba." A tagar nan ta gane bakaniken masaƙa yana fama da haƙori tun kafin ya gaya wa matarsa, domin kwana uku a jere yana mayar da namansa, abin da bai taɓa yi ba tun da aka ɗauke shi aiki. Ta tasa shi gaba da faɗa har sai da ya je aka cire. A nan kuma ta lura da wani mai ɗaukar kaya da farantinsa ke dawowa da wuri, ashe rabin abincin yake juyewa a leda ya kai wa iyalinsa. Ba ta ce masa komai ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba. Ludayinta ne kawai ya riƙa nutsewa sau biyu in layi ya zo kansa, har aka shekara biyu a haka. Shi da bakinsa ya ba da labarin bayan Allah ya buɗa masa, yana yi yana goge ido.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye ludayi. An ce manyan masaƙa sun shirya mata jawabi da agogon bango. Agogo, ga matar da ba ta taɓa makara ba, kuma a ranar da za ta daina duba lokaci. To, Allah ya amfana. Mu da muka ci daga hannunta ba mu da agogon da za mu ba ta, sai dai mu faɗi abin da muka gani, tunda yabon gwani ya zama dole. Abin da ya fi tsaya mana a rai kuwa bara ya faru, kuma ba a ɗakin girkin masaƙa ba.

A sashen ɗinki akwai wata doguwa siririya mai kalmasa bakin zannuwan gado. Kowa Allura yake ce mata, saboda jikin da kuma saboda bakin. Wata ɗaya aka ɗauke su aiki ita da Inna, kuma tun ranar suke faɗa. Allura ce kaɗai ke iya kushe girkin Inna a gaban idonta, ita kaɗai kuma ke kiranta Randa ta kwana lafiya. "Randa, yau gishirin naki da buhunsa kika jefa?" Inna ta ce, "In bai yi miki ba ajiye, akwai masu so." Allura ta ja farantinta ta zauna, ta share shi tas har da suɗe cokali. Tare suka goyi 'ya'ya, tare suka aurar da su, kuma da mazajensu suka rasu, shekara uku tsakani, kowace a kafaɗar 'yar uwarta ta yi kuka. In ka ga ɗaya tsaye a bakin ƙofa lokacin tashi, to ɗayar take jira.

Bara Allura ta fara rage abinci, Inna ce kuma ta fara gani a taga. Aka yi ta gwaje-gwaje, ƙarshe likita ya ce sai an yi aiki. Aka buɗe cikin, aka yanke babban ɓangare na tumbinta, ta yi kwana goma sha ɗaya a asibiti. Ɗanta tilo yana aiki a wata ƙasa mai nisa. Ya zo ya yi mako guda, hutunsa ya ƙare, ya koma yana waige. Aka sallame ta zuwa ɗaki biyunta a hawa na uku, inda babu kowa sai keken ɗinki da rediyo, sai maƙwabciyarta matar direba da ke leƙowa ta yi mata shara da wanke-wanke.

Mu abokan aiki muka yi abin da aka saba. Makon farko ɗakin ya cika, an kai lemo da madara da addu'o'i, kowa ya ce in ana bukatar wani abu a kira shi. Mako na biyu matakala ta yi shiru. Ba mugunta ba ce, hawa na uku ne, ga aiki, ga gida. Inna ce kawai ba ta fasa ba. Ta tashi daga masaƙa bayan awa tara a tsaye, ta je gida ta sake ɗora tukunya, ta cika kula mai hawa uku, ta shiga mota, ta sauka, ta hau matakala arba'in da biyu da gwiwoyin da suka daɗe suna kai ƙararta. Soyayyar kaza a sama, shinkafa a tsakiya, dankali da kifi a ƙasa, mai yana ƙyalli. A ganinta maganin wanda ya rame shi ne a cika masa kwano, kuma ba wanda ya fi ta iya cika kwano.

Takan jera kwanukan a tebur, ta buɗe duka, ta tsaya da hannu a ƙugu.

"Tashi ki ci tun da zafi."

"Yanzu na sha magani. Bar shi nan, in ya faɗa mini zan ci."

Washegari sai ta tarar da kular a wanke, an kife ta a bakin ƙofa.

"Yaya girkin jiya?"

"Ya yi daɗi ƙwarai. Allah ya saka da alheri."

Nan ne ya kamata Inna ta tsaya ta yi tunani. Shekara talatin da biyu Allura ba ta taɓa yaba mata ko ruwan zafi ba. Amma daɗin yabo ya rufe mata ido, ga kuma kula wayam, ita kuwa da kwanon da ba komai a ciki take rantsuwa. Ta manta farantin da take karantawa a taga ba a wanke yake zuwa ba. Har fariya ta riƙa yi a ɗakin girki: "Wuƙar likita ta gyara wa Allura harshe. Da na sani da tuni na kai ta." Da ta ga fuskar ƙawarta na ƙara zurmawa, sai ta yanke hukuncin abincin ne bai isa ba, ta ƙara wata kular.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mako uku da sallama aka ce Allura ta koma a duba ɗinkin, Inna ta nemi izinin rabin yini ta raka ta. Tun a matakala gabanta ya faɗi, domin da ta riƙe damtsen ƙawarta sai ta ji yatsunta sun zagaye shi sun haɗu. A asibiti wata nas, yarinya da ba ta kai 'yar autar Inna ba, ta ɗora Allura a sikeli ta ga kilo biyar sun tafi. Ta buɗe bandeji ta ga ciwon bai haɗe ba, ƙasansa yana ruwa. Ta kira likita.

Likita bai yi kwana-kwana ba. "Jiki da abinci yake ɗinke kansa. Na ba ku mako biyu. In ta ƙara ramewa, ko ciwon nan bai fara haɗewa ba, za mu mayar da ita gado mu zura mata roba ta hanci, mu riƙa ba ta abinci ta nan. Wataƙila ma sai mun sake buɗe wurin." Allura ta juya fuska ga bango. Ta riga ta ɗanɗana robar nan kwana biyar bayan aikin, kuma ba abin da take tsoro kamarta.

Da likita ya fita, nas ta ce, "Wa ke kula da abincinta?"

"Ni ce," in ji Inna.

"Me kike ba ta, Mama?"

Inna ta fara lissafi daga kaza. Ba ta kai kan kifi ba nas ta ajiye biro.

"Mama, tumbin da ya rage mata yanzu bai wuce kofin shayi ba. Mun rubuta a takardar sallama: kaɗan-kaɗan, sau shida a rana, mai laushi, ba mai da yawa, ba yaji. Da rabin abin da kika lissafa take ci, da tuni amai ya dawo mana da ita."

"Ai tana cinyewa."

Nas ta dubi Allura. Allura ta dubi silin. Takardar sallamar kuwa, daga baya aka gano, tana ƙarƙashin rediyo a linke.

Sauran bayanin a matakala Inna ta same shi, suna dawowa. Matar direba ta tare su da fara'arta, ta riƙe hannun Inna da hannu biyu. "Inna, ban samu na yi miki godiya ba. Wannan hannu naki Allah ya yi masa albarka. Maigidana har ya ƙara huji a bel. Jiya ma yake tambaya ko yau ranar kifi ce."

Inna ta zare hannunta. Ta kai Allura gado, ta gyara mata filo, ta cire mata takalma, ta rufe ƙofa.

"Mako uku," ta ce. "Mako uku ina kiwon direba."

"Ai shi ma bawan Allah ne."

"Kada ki yi mini wasa, Allura. So kike ki mutu a hannuna, a ce mai girki ta kashe ƙawarta da yunwa?"

Allura ta ce, "Ranar farko na ci. Cokali shida na yi, na dawo da shi duka, na ji kamar ɗinkin zai ɓalle. Daga ranar, da kin buɗe kular nan ganinta kawai ke ƙosar da ni. Shayi nake sha da ɗan biskit."

"Me ya hana ki faɗa? Bakin da ya shekara talatin yana sokina, yanzu ne ya dushe?"

"Ina jin takunki daga nan, Randa. Ina ji in kin tsaya a hawa na biyu kina jira hakin ya lafa don kada in gane. Ki shigo jiƙe da gumi, ki buɗe kwanuka, ki tsaya a kaina kina jira. Da wane bakin zan ce miki ba zan iya ba? Da can da ƙarfina nake kushe ki. Yanzu ke kaɗai ce ke hawowa, ina tsoron in ɓata miki rai ke ma ki daina."

Inna ta kwashi kulolinta ta sauka ba sallama. Har rabin hanya fushi take yi, tana gunaguni ita kaɗai a mota. Daga nan fushin ya sauka, kunya ta hau. Ba ruɗin da aka yi mata ne ya fi yi mata ciwo ba. Ita da ta gano ciwon haƙorin bakanike daga bakin taga, ga wadda ta fi so a duniya bayan 'ya'yanta tana ƙarewa a gabanta, tana kallo kullum, ba ta gani ba, don an ce girkinta ya yi daɗi. Ta isa gida ta zauna a bakin gado da takalmanta, ta yi kuka mai isarta.

Washegari ta yi abin da ba mu taɓa ganin ta yi ba. Ta shiga ofishin manaja ta ce a ba ta hutunta na mako biyu, daga ranar. Hutun nan ta daɗe tana ajiyarsa, domin 'yar autarta tana wani gari da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. Ta kira ta a waya ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yata. Kina da miji, kina da suruka, kina da yayyenki. Allura ba ta da kowa." 'Yar ta ce a gaishe da Allura. Inna ta miƙa wa mataimakiyarta makullai da dogon wa'azi, ta fita tana da yaƙinin masaƙa za ta mutu da yunwa kafin ta dawo. Masaƙa dai ba ta mutu ba, amma kada wanda ya gaya mata.

Daga nan asibiti ta nufa. Ta zauna a benci da sabon littafin rubutu a cinya har nas ɗin jiya ta samu sarari.

"'Yata, koya mini girki."

Nas ta ji nauyi. "Haba Mama, ni zan koya miki girki?"

"Na iya ciyar da runduna. Mutum ɗaya ne ban iya ba. Faɗi ina rubutawa."

Ta rubuta romo da aka kwashe wa mai, da ƙwai mai laushi, da dankalin da aka dame, da kifin da aka dafa ba suya, da madarar da aka tsinka. Ta rubuta kada a sha ruwa tare da abinci sai an jima, kuma a ci a zaune, kada a kwanta nan take. Ta biya kasuwa ta zaɓi tukunyar da ta fi kowace ƙanƙanta a rumfar. Mai tukwane, wanda ya saba sayar mata da manya, ya juya ta a hannu yana dariya. "Inna, jikanya za a kai wa ta wasa?" Ta ce, "Ni zan yi wasan. Sa mini a leda."

Da ta hau matakala ta tura ƙofa, Allura ta ɗago kai ta dube ta, ta dubi ledar, ta mayar da kai filo. Ba wadda ta ta da zancen jiya.

A ɗan lungun girkin Allura aka yi yaƙin. Hannun da ya saba da tafi guda na gishiri bai san ɗan kaɗan ba. Romon farko ko ita kanta ba ta iya haɗiye shi ba. Ta zubar, ta sake, ya sake yin gishiri. Sai a na uku ta sauke girman kai ta auna da bakin ƙaramin cokali, ita da ta bar sikeli yana riƙon albasa. Kwashe man da ya taso kuwa, ji take kamar tana yi wa abincin sata. Amma ta kwashe, domin haka littafi ya ce.

Ta zuba a kofin shayi, rabi, ta ɗora a kan sosa, ɗan farantin kofi. Ta zuba wa kanta daidai wannan a wani kofin. Sannan ta jawo kujera ta zauna, matar da ta shekara talatin tana cin abinci a tsaye, ta kuma karkata gefe don kada a ce kallo take.

"Sharaɗi ɗaya ne," ta ce. "Abin da kika rage ki bar shi a kofin. Kada ki wanke, kada ki ba kowa. Ko cokali ɗaya kika sha, ina so in ga sauran."

Cokali uku Allura ta sha ta ajiye. Inna ta leƙa kofin, zuciyarta ta karye, amma ba ta nuna ba. Ta rubuta uku a littafi, ta duba lokaci, bayan awa biyu ta sake ɗora tukunya.

Da kofuna suka fara dawowa ba wanki, sai tsohon idon ya dawo aiki. Cikin kwana huɗu Inna ta gane Allura ta fi ci da safe, ta fi son ɗumi-ɗumi a kan mai zafi, kifi yana shiga, kaza tana dawowa. Ta kuma gane wani abu da ba ya cikin takardar asibiti: in ɗaki ya yi shiru cokali uku ne, in Allura tana magana sai a kai bakwai, in kuwa faɗa take yi ba ta ma san tana ci ba. Sai Inna ta ɗauko rigar filo da ta yage, ta zura zare, ta zauna inda za a gan ta tana ɗinki da manyan taku kamar mai ɗinke buhu.

Allura ta daure, ta daure, ta kasa. "Wannan ɗinki ne ko shingen awaki?"

"Ke dai sha romonki."

"Matso da allurar kusa da baki. Ba nan ba. Yanzu ke duk shekarun nan haka kike ɗinki, mijinki ya haƙura?"

Kafin a gama rigar filo kofi ya ƙare. Washegari Inna ta zo da labarin yarinyar da aka ɗora a keken Allura a masaƙa, wai ta sauya wa kujerar wuri ta kuma ce keken ya tsufa. Wannan labari shi kaɗai ya cinye ƙwai guda da rabin dankali.

Ba kullum aka yi nasara ba. Rana ta takwas duk abin da ya shiga ya dawo, Allura ta kwanta tana rawar jiki, hannu a kan bandeji. A ranar kuma aka bugo waya 'yar autar Inna ta sauka, an samu namiji. Allura ta ji komai daga gado. Ta ce, "Ki tafi ki ga jikanki, Randa. Na gaji. A sa robar kawai kowa ya huta." Inna ta wanke robar aman, ta goge mata baki, ta buɗe taga. Ta bar ta awa guda, sannan ta dawo da sosa. "Jikana yana da nono, ba ya nemana. Ba kofi nake roƙo ba, cokali biyu ne. Da yayyafi kogi ke cika." Allura ta sha biyu, suka zauna, suka jira. Bai dawo ba.

Inna ta san hutu zai ƙare, kuma sau shida a rana ba aikin mutum ɗaya ba ne. Sai ta tuna duk waɗanda suka ce in ana bukatar wani abu a kira su, ta kuwa kira mu ɗaya bayan ɗaya. Bakanike ya zo ya gyara famfon da ke ɗiga, ya kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki. Matan sashen ɗinki suka raba ranaku, kowace da nata kofin da kuma umarnin ta zo da gulma. Matar direba ta koyi ƙaramar tukunya, da cokalin awo da komai. Shi kuwa direba aka sanar da shi cewa shi zai kai su asibiti ya dawo da su, tunda kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bai yi gardama ba.

Rana ta goma sha ɗaya Allura ta kurɓi romo ta yamutse fuska. "Randa, wannan ruwan wankin kaza kika kawo mini? Gishiri ya yi tsada ne?" Inna ta tashi da sauri ta shiga lungun girki wai za ta duba wuta, alhali a kashe take. Ta daɗe a can tana goge fuska da ƙyallen girki.

Ranar komawa asibiti ta zo. Nas ta ɗora Allura a sikeli, ta duba, ta sauke ta, ta sake ɗora ta. Rabin kilo ya ƙaru. Ta buɗe bandeji a hankali. Ciwon ya bushe, bakinsa ya haɗe, saura ɗan wuri da bai kai kan yatsa ba. Likita ya zo ya danna gefe da gefe, ya ce, "Duk abin da kuke yi, ku ci gaba da yi. Ba na son ganinku sai bayan wata." Ba wanda ya ambaci roba.

Suna zaune a bencin bakin ƙofar asibiti suna jiran direba ya juyo da mota, sai Allura ta kama wuyan hannun Inna.

"Randa."

"Mene ne? Jiri ne?"

"A'a." Ta karkata kai kamar mai sauraron wani abu daga nesa. "Yunwa nake ji."

Maganar nan Inna ta ji ta daga baki ɗari uku kullum tsawon rayuwar aikinta, ba ta taɓa sa ta kuka ba sai ranar. Ta buɗe jaka ta ciro ɗan filas ɗin romo da kofi.

"Ki bar kukan nan ki zuba," in ji Allura, "kafin ta wuce."

Ke ce, Inna, kika koya mana cewa zumunci a ƙafa yake, da gwiwoyin da ba su da lafiya kika koya mana. Ke ce gwanar da ta yi kuskure a gaban yarinya sa'ar 'yarta, ta koma washegari da littafi ta ce a koya mata. Da yawa daga cikinmu, in aka mayar mana da alherinmu, fushi muke yi mu ce ai mun yi namu. Ke kika zubar da romo sau biyu kika sake ɗorawa. Jikanki sai da ya yi wata uku kika ɗauke shi, ba mu kuma taɓa jin kin yi wa kowa gorin haka ba. Mai babban ludayi, mai ƙaramin cokali, mun gode. Mun gode da shekara talatin da uku, mun gode da mako biyun nan. Allura ta koma kan kekenta bayan wata huɗu, ta mayar da kujerarta inda take, kuma ta ce a rubuta a nan cewa har yanzu gishirinki yana yawa. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sauƙaƙa wa gwiwoyinki, ya ba ki masu hawo miki matakala ranar da kika bukata.

Ku kuma masu karatu, kowa a cikinku yana da wani da aka sallamo daga asibiti, wanda ɗakinsa ya cika makon farko ya koma shiru a na biyu. Kada ku jira ya kira, ba zai kira ba, kunya ba za ta bar shi ba. Ku tambayi abin da zai iya ci kafin ku ɗora tukunya. In ya ce komai lafiya, ku dubi damtsensa. Ku je da ƙaramin kwano, ku zauna ku ci tare, kuma ku koma gobe.